Kuwwa a Gonar Ƙanena

Ina cikin auna wa wata mata wake a rumfata ta kasuwar Gusau wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ƙanen Inna, daga Tsafe. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Ki ruhe rumfa. Amalanke ya faɗa wa ƙanenki a gona. Allah Ya yi mashi cikawa."

Na ce, "Wane amalanke?" Har yau ban san abin da ya sa wannan ce tambayar da ta fara zo mini ba.

"Nashi. Ki jira ni gida, ga ni nan tahe."

Tiyar ta karkace a hannuna, waken ya zube, matar ta duƙa tana tsincewa. Maƙwabciyata a kasuwa, wata Kirista 'yar Kudu mai sayar da manja da garin kwaki, wadda ta daɗe a Gusau har Hausa ta zauna a bakinta, ita ta ɗaure mini buhuna, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta ce in tafi za ta kula da rumfar.

Kawu bai iso ba sai da rana ta faɗi, kuma yanzu ba mai bin hanyar ƙauyenmu da duhu. Da safe muka shiga bas zuwa Bungudu, daga nan muka hau mashin. Kafin mu isa an riga an binne shi tun jiya. Ban ga fuskarsa ba.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni ce babba. Aure ya kai ni birni, shi ya zauna a gida ya riƙe gonar Baba bayan rasuwarsa. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya ɗaga murya yana kiran shanunsa, daga ƙofar gari ana sanin shi ne. Ya bar mace ɗaya da yara ƙanana, babbansu ko fartanya bai iya riƙewa da kyau ba. Ya kuma bar gero. Ya riga ya girbe shi ya kwantar a ƙasa layi-layi don ya sha iska, kaɗan kawai ya yanke zangarniya ya ɗaure. Wannan geron shi ne abincin gidan na shekara, nasu da na Inna. Damina kuwa ba ta ɗauke ba. Geron da ke kwance, in ruwa ya yi ta dukansa, sai ya yi baƙi ya fara tsiro a jikin zangarniya, abin da ya rage gara ta cinye. Tun a cikin bas Kawu ya fara zancen geron. Na ji haushinsa a lokacin, ko da yake gaskiya ya faɗa.

Abin da aka fara gaya mini gajere ne. Da hantsi ya ɗaura wa shanu amalanke ya tafi kwaso 'yan dammunan da ya ɗaure. Ruwa ya zaizaye gefen hanya inda ta bi bakin kwazazzabo, taya ɗaya ta zurma, amalanken ya kife, ƙarfen gefensa ya danne masa cinya ya tsaga ta. Shanun suka tsinke igiya suka gudu. Sai da la'asar aka same shi, jininsa ya riga ya ƙare.

Na karɓi wannan. Na ce ajali ne ya riske shi shi kaɗai a daji, inda ba kowa. Da wannan tunanin na zauna karɓar gaisuwa, kuma da shi na so in koma Gusau.

Ana cikin zaman makoki, muna tsakar gida a kan tabarmi, mata na shigowa suna fita, sai wata dattijuwa daga unguwar gabas ta gama ta'aziyya ta gyara zama. Goro ne a bakinta.

"Ni ina cikin ɗibar kuɓewa na ji ta," in ji ta. "Wallahi kuwwa wagga har cikin raina. Ko kwandon ban ɗauka ba."

Wata ta karɓe. "Ke da ke nesa ma. Maigidanmu shi ya fara ji. Da takalmi ƙafa ɗaya ya shigo gida, ɗayan ya bar shi cikin kunyar gona." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake rufewa da gefen mayafi.

"Tun hantsi fa. Har anka yi kiran azahar ana jiyo ta, sai dai ta rage ƙarhi."

"A'a, kahin azahar ta ɗauke."

"Ke dai ba ki da kunne. Ni na ji ta bayan an sallame."

Suna musu a kan lokacin da muryar ƙanena ta ƙare kamar masu musu a kan ranar da aka yi ruwan shuka. Sai dattijuwar ta tofar da tuƙar goro a gefen tabarma, ta sa hannu a gefen baki, ta kwaikwayi yadda ya yi, ƙasa-ƙasa don kada maza su ji a waje. Ta iya kwaikwayo. Har inda muryarsa ke karyewa in ya ja ta, sai da ta kawo.

Inna tana ɗaki, kunnenta ya yi nauyi, na gode wa Allah da haka. Matar ƙanena tana kusa da ni, kanta a sunkuye. Daga yadda ba ta motsa ba na gane ta riga ta sani. Na tashi na zaga bayan ɗaki.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma kalmar kuwwa na san ta tun kafin in san baƙi. A wurinmu kuwwa ba kuka ba ce, ba kuma kira ba ce. Kira na mutum ɗaya ne, ka ambaci sunansa, in ya ga dama ya amsa. Kuka naka ne, ko ba wanda ya ji ka yi abinka. Ihu kuwa yara ma na yi a wurin wasa, ana yi wa ɗan dambe in ya kayar. Kuwwa ita ce muryar da mutum ke ɗagawa iya ƙarfinsa, ya ja ta da tsawo, idan abin da ya same shi ya fi ƙarfinsa, kuma ta duk mai kunne ce. Gobara, ko rijiya ta rufta da mai haƙa, ko ruwa ya ja yaro, ko ɓarayin shanu. Ba a cewa an saurari kuwwa. Cewa ake ta tashi, sannan a ce an amsa. Amsawar kuma abu biyu ne a haɗe. Ka fara mayar da taka, don mai ita ya san an ji shi, na bayanka kuma su ji. Sannan ka nufi wurin da duk abin da ke hannunka.

Na tuna ranar da wanzami ke yi wa Baba aski a ƙofar gida. Ya aske rabin kai ke nan kuwwa ta tashi daga bayan gari. Baba ya ture hannun wanzamin ya sheƙa, wanzamin ma ya bi bayansa da askar a hannu. Rumbun wani ne ya kama wuta, mutumin da ko gaisawa ba sa yi da Baba saboda rikicin iyakar gona. Baba ya dawo da toka a rabin gashin da ya rage, ni da ƙanena muka yi ta dariya har da faɗuwa. Shi bai ga abin dariya ba. Ya ce mana mutumin da ya ji kuwwa ya zauna, ba a ba shi mata a garin nan, in kuma ya yi magana a taro ba mai juyowa. Haka muka tashi. Shi ya sa ba a wasa da ita. Yaron da ya yi ta ƙarya, duk babban da ya kama shi yana da ikon zane shi, uwarsa kuma ta yi godiya.

Na san abin da ya shiga tsakanin wancan lokaci da yanzu, ba sai an gaya mini ba. Tun da 'yan bindiga suka cika dajin, mutanen da suka amsa kuwwa da sanda da gatari, wasunsu gawarsu aka dawo da ita. Daga baya aka ce ma sukan kama mutum su sa shi ya yi kuwwa, su laɓe suna jiran masu zuwa. Ko hakan ya taɓa faruwa a garinmu, ko labari ne ya zo daga wani wuri, ban sani ba, amma kowa ya yarda da shi. A baki kalmar tana nan yadda take, har yanzu cewa ake ta tashi. Sai dai yanzu in an ce ta tashi, abin da ake tambaya shi ne daga wane gefe, don a san inda za a ba baya.

Duk wannan na sani. Da gudun kawai suka yi, suka kama bakinsu, ina jin da na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne daɗin da suke ji wajen ba da labarin, kowa na son a san shi ma ya ji.

Da mutane suka ragu na shiga ɗakin matar ƙanena. Ba ta jira na tambaya ba. Ta ce sa ɗaya ya dawo gida da guntun igiya a wuya, ga masu gudowa daga gona suna cewa 'yan bindiga sun shigo. Ta fita ƙofar gida ba mayafi tana roƙon maza su je. Suka ce ta yi haƙuri a ga abin da ake ciki. Ta ce to ita za ta je, mata suka riƙe ta suka mayar da ita ciki. Daga tsakar gida ba a jiyo gona, sai dai masu shigowa suna gaya mata har yanzu yana yi.

Washegari abokin ƙanena ya shigo gaida Inna. Gonarsa iyaka ɗaya da tamu, tare aka yi musu kaciya, a kwano ɗaya suka ci tuwo a gidan nan tun suna yara. Yaya yake ce mini, kamar yadda ƙanena ke cewa. Da ya fito daga wurin Inna na tsayar da shi a bakin zaure.

"Kana gona ranar?"

"Ina gona, Yaya."

"Ka ji shi?"

Ya dubi ƙasa. "Na ji."

"Ka gane muryarshi?"

"Wa zai kasa gane ta? Har sunana ya kira."

"Mi ya ce?"

"Yaya, ki bar wagga magana."

"Mi ya ce?"

"Cewa ya yi in zo, ba su ba ne, amalanke ne. Ya yi ta maimaitawa, ba su ba ne."

"To?"

"To ai haka za su sa shi ya ce." Ya ɗago kai. "Kin san yadda anka kashe wana. Kuwwa ya amsa. Ni na ɗauko shi. Ni ma ina da ɗiya, Yaya."

Na san wansa, na kuma san gaskiya ne. Da ya tsaya a nan da ya fi. Amma sai ya ƙara da cewa ai shi ya tara mutane daga baya, shi ya je ya kira 'yan banga, shi ya fara sa hannu aka ɗaga amalanken. Har ya nuna mini inda ƙarfe ya kuje masa tafin hannu, ya miƙo shi kusa da fuskata don in gani sosai. Ɗan ƙwarzane ne, ya riga ya bushe.

Da yamma Kawu ya kira ni bayan rumbu, inda ba kowa. Ya ce ya yi magana da mutanen gari, sun yarda a yi gayya a kwashe geron. Gayya haka take, maza su taru su yi wa mutum aikin gona a yini ɗaya ba lada, gidan mai gona ya ciyar da su. Matar mamaci tana takaba, Inna ba ƙarfi, saboda haka abincin a kaina yake.

Na ce, "Su wa za su zo?"

"Mutanen gari mana. Waɗanda gonakinsu ke wajen."

"Waɗanda sunka ji shi."

"Su."

"Ni in tuƙa musu tuwo, Kawu?"

"Ke za ki tuƙa."

"A ɗauko 'yan ƙwadago daga Bungudu. Ko abin da ke rumfata ne in sayar."

"Wa zai zo? Baƙo ba ya shiga dajin wanga ko mi za ki ba shi. Waɗanga ma don kunya sunka yarda." Ya nuna gabas da haɓa, hadari na haɗuwa. "In kina da wasu hannuwa ki kawo. In ba ki da su ki jiƙa dawa. Ɗiyan nan ba fushinki za su ci ba."

Na ce, "Ko haƙuri ba wanda ya ba mu a kan abin."

"Gayyar ita ce haƙurin. Ba su iya wani ba."

Sauran tsohuwar dawar da ke ƙasan rumbu muka kwaso, wadda ƙanena ya yi ta tattalawa don ta kai su sabon hatsi. Maƙwabta suka zo taya ni surfe da daka, har da dattijuwar nan mai goro, wadda ta zauna a kan turmi tana gaya mini yawan daddawar da zan sa. Na tuƙa tuwo a manyan tukwane, na kaɗa miyar kuɓewa ɗanya, aka dama fura da nono. Na yi tunani iri-iri a bakin murhun nan waɗanda ba zan rubuta ba. Amma ban rage gishiri ba, ban bar gudaji a tuwon ba. Abincin gidan ƙanena ne, ba zan bari a ce ya fita da aibi ba.

Kawu ya ce ba sai na je gona ba, wasu su kai. Na ce zan je. Da rana ta take muka ɗauki kwanuka da ƙwarya, ni da matan da suka yarda su raka ni.

Wannan ne zuwana na farko wurin da abin ya faru. An riga an janye amalanken, wani ya zuba yashi a inda ya kwanta, ya ɗora ƙaya a kai. Na tsaya a bakin kwazazzabon na duba. Ina ganin gonar abokinsa, ina ganin butar da ya rataye a jikin kanya, har launinta ina gani. A zuciyata na ɗauka wurin da nisa. Da ƙanena ya iya ɗaga kai, da ya ga bayan mutumin yana gudu.

Aiki dai sun yi, ba zan hana su ba. Daga gabas suka faro, wasu na yanke zangarniya, wasu na tarawa, wasu na ɗauri. Dammuna sun jeru a tsaye. Da sauri suke yi, kowa na satar kallon daji, an kuma ɗora mutum ɗaya a kan tsamiya yana dubawa. Ina sauke kwano sai na ji wani daga wannan bakin gona ya ɗaga murya yana neman igiyar ɗauri. Wani daga can ƙarshe ya amsa, "Ga ni nan." Bai ma ja murya ba. Kafin in miƙe ya kawo igiyar.

Suka zauna a inuwar tsamiya, aka zuba musu ruwa suka wanke hannu. Na koma gefe na zauna a kan tushen kara. Ban taɓa lura da irin ƙarar da mutane ke yi in suna cin abinci ba sai ranar. Zuƙar miya, taunar da baki a buɗe, suɗar yatsu ɗaya bayan ɗaya, gyatsa. Duk a kunnena suke sauka.

"Yaya, wanga tuwo sai birni," in ji wani. "Da ma kullum gayya ce."

"Kai dai ci ka tashi, makwaɗaici. Dami nawa ka ɗaure?"

"Sun hi naka."

Wani ya juya wurin mijin matar nan da ta ba da labarin takalmi. "Malam, ka kuwa samo ɗan'uwan takalminka?"

"Na samo shi. Shina nan inda na bar shi, shina gadin gona."

"Ya hi ka zuciya."

Aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da fura ana bubbuga masa baya. Kawu ya yi gyaran murya ya dube su, suka ɗan lafa. Abokin ƙanena bai yi dariya ba, amma bai daina cin tuwon ba. Na ga yana lakato miya da hannun nan da ya nuna mini.

Ba su gama suɗe kwanuka ba kuwwa ta tashi daga yamma, can wajen fadama. Muryar mace ce ko ta saurayi, ban tantance ba. Doguwa, ta yanke, ta sake tashi.

Kowa ya tsaya da lomarsa a hannu. Na bi fuskokinsu da kallo ina jira. Na yi tsammanin da abin da ya faru, da kabarin da ƙasarsa ba ta bushe ba, da tuwon gidansa a bakinsu, ko mutum ɗaya zai buɗe baki ya mayar mata. Na kan tsamiya ya ce bai ga komai ba.

"Ba ka gani sai sun iso," in ji wani.

Sai na ga mai takalmin nan ya duƙa a hankali, ya cire takalmansa duka biyu, ya riƙe a hannu. Daga nan aka watse. Kwanon miya ya kife, wani ya taka ƙwaryar fura ta fashe, na kan tsamiya ya diro ya bi su. Matan da muka zo tare ban ga lokacin da suka tafi ba. Kawu ya ce, "Ku tsaya a ji," sau ɗaya ya faɗa, wani ya ja shi ya ɗora a mashin.

Ni ban tashi ba. Ba jaruntaka ba ce. Na buɗe baki da niyyar in mayar mata, abin da ya fito bai fi tari ba. Sai ga abokin ƙanena ya tsaya da mashin a gabana.

"Yaya, hau."

"Wa ke kuwwar?"

"Allah Shi sani. Hau."

"Ba wanda za shi duba?"

"In ƙura ta lafa a je da 'yan banga. Hau don girman Allah, kada ki sa in bar ki."

Ya kamo mayafina da hannun da bai wanke ba, yauƙin miyar da na kaɗa ya shafe ni a kafaɗa. Na hau. Na riƙe ƙarfen baya don kada jikina ya taɓa nasa. Muna tafiya ana jiyo ta a bayanmu, har ƙarar mashin ta rufe ta.

A gari aka rufe ƙofofi aka zauna, ba abin da ya shigo. Da la'asar 'yan banga suka je fadamar suka dawo, suka ce ba su ga kowa ba, sai sawun shanu da na mashin, waɗanda kullum akwai su a wurin. Aka duba gida-gida, ba wanda ya ɓata a garinmu. Wasu suka ce daga ruga ne, wasu suka ce daga ƙauyen ƙetare. Har na baro garin ban ji wanda ya san mai ita ba.

Da safe ina wanke mayafin a bakin randa, na wanke na sake wankewa ina jin warin daddawa bai fita ba, sai ga mata sun shigo karɓar kwanukansu. Tun daga zaure suka fara. Wannan ta ce muryar mace ce, waccan ta ce ina, ita ta ji sosai, namiji ne. Dattijuwar ta dube ni.

"Ke ma kin ji ta ko? Ai ke kina wurin."

Na ce, "Na ji."

Ta tsaya tana jira in ƙara. Na ci gaba da wanki.

Dammunan da aka ɗaure an kwaso su a gurguje da sassafe, ba su kai rabin rumbu ba. Gefen yamma, wanda ke kallon fadama, ba wanda ya yarda ya taka. Kawu ya bi su gida-gida, kowa ya ce a ɗan dakata a ga kwana biyu. Shi ma yana da nasa gidan da nasa aikin a Tsafe, ni ma ina da yara a Gusau. Muka bar Inna da matar ƙanena da abin da ke cikin rumbu, muka hau mashin.

Ranar da na koma kasuwa maƙwabciyata ta baro manjanta ta zo ta zauna a kan buhun wakena, ta riƙe mini hannu. Na ba ta labarin a taƙaice. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ita da ta ɗauka kuwwa da ihu duk abu ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, na gaya mata yadda muka san ta muna yara, da yadda ake mayarwa kafin a ruga.

Ta ce, "To yanzu, Hajiya, in abu ya sami mutum a gona, me zai yi?"

"Ya kira a waya, in akwai sabis."

"A gonarku akwai?"

"Babu."

Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai ga mai sayen manja yana kiranta, ta tashi.

Tun da na dawo an yi ruwa mai ƙarfi a Gusau, na kira gida aka ce can ma an yi. Kawu ya ce in an sami sarari zai sake kiran gayya, in shirya zuwa girki, in kuma taho da dawa daga rumfata don ta gida ta ƙare. Na ce to. Na auna dawar na ɗaure ta a buhu na ajiye a gefe. Bai kira ba tukuna. Geron gefen yamma yana nan a ƙasa, ba a ɗaure shi ba.